Idan Alƙalami Ya Cije, a Duba Inda Ya Tsaya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ku ba ni fili in yi tsokaci kan wata matsala da ke cin marubutanmu a ɓoye, musamman matasa da ɗalibai. Mutum ne zai zauna da niyyar rubutu, ga takarda ga biro, ko ga waya cike da caji, ga kuma abin da yake son faɗa yana kai-komo a zuciyarsa, amma ya wuni bai ajiye layi uku ba. Gobe haka, jibi haka, har a shafe watanni. A bakin marubuta sai ka ji ana cewa alƙalami ya cije, ko basira ta toshe.

Abin da ya fi damuna shi ne irin amsar da ake ba wanda ya kai kukansa. Wani ya ce masa rubutu baiwa ce, idan ta tafi sai dai a jira ta dawo don kanta. Wani ya ce lalaci ne kawai. Wani kuma ya ce bakin mutane ne ya kama shi, ko an yi masa jifa. Duk ukun suna sallamar mutum ba tare da sun ba shi abin da zai yi gobe da safe ba, kuma ta haka muke asarar marubutan da da sun yi nisa. Idan mota ta ƙi tashi, bakanike ba ya cewa ta gaji da tafiya. Yakan tambaya a ina ta mutu, wane irin ƙara ta yi kafin ta mutu, sannan ya duba mai da batir da filogi ɗaya bayan ɗaya. Haka ya kamata a yi wa alƙalami. Cijewarsa alama ce ta matsaloli iri-iri, kuma wurin da ya tsaya, farkon aiki ne ko tsakiya ko dab da ƙarshe, shi ke nuna wacce ce daga cikinsu.

Mu da muke Zariya muna da misali a gida. A 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ya zagaya garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, wahalar farko da ya ci karo da ita ita ce shawo kansu su yarda abin ya cancanci a ɓata masa tawada. Mutanen nan ba su rasa labari ba, ba su kuma rasa iya rubutu ba. Abin da ya riƙe hannunsu wata ƙa'ida ce da ta zauna musu a zuci, cewa rubutu na ilimin addini ne da wa'azi da tarihi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce da dare. Da ƙa'idar ta kau, cikin ɗan lokaci littattafai suka samu, aka fara buga su a 1934. Ɗaya daga cikin marubutan, Abubakar Imam, shi ne ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a garin nan a 1939.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin diddigin abin. Edmund Bergler, likitan da ya baro Ostiriya ya koma Amurka, shi ya fara ba matsalar suna a 1947, sai dai bayanin da ya yi mata, wanda ya jingina ga abin da ya sami mutum tun yana jariri, yau ba a cika aiki da shi ba. Wanda ya fi amfani ga mai riƙe da biro shi ne binciken Linda Flower da John Hayes na 1981. Sun sa mutane suna rubutu suna faɗin abin da ke ransu a fili, sai suka ga ashe aiki uku ne ke gudana: tsara abin da za a faɗa, zuba shi cikin jimloli, da dubawa a gyara. Ƙwaƙwalwa kuwa abin da take iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne ƙwarai, idan aka ɗora mata ukun gaba ɗaya sai ta tsaya cak. Mike Rose, wanda ya yi nazarin ɗaliban jami'a a Kalifoniya, ya fitar da sakamakonsa a 1984. Waɗanda alƙalami ya fi cije wa su ne masu riƙe da ƙa'idoji masu tsauri, irin su dole jimlar farko ta kama mai karatu, da masu fara gyara tun tawada ba ta bushe ba.

A leƙa Jami'ar Ahmadu Bello, ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru ko wani aji a harabar Kongo da dare, lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke fama da kundin digiri. Za a ga ɗalibi ya buɗe sabon shafi, ya rubuta "Babi na Ɗaya" a sama, ya ja masa layi biyu da rula. Ya rubuta "Tun fil azal harshe ya kasance". Ya tsaya. Ya soke "tun fil azal" ya sa "tun zamanin da". Ya ga "ya kasance" bai yi masa ba, ya soke. Ya ga shafin ya yi datti, ya yage shi ya dunƙule, ya sake rubuta "Babi na Ɗaya". Awa biyu za su wuce a haka, kuma duk tsawon lokacin bai tambayi kansa me yake son ya ce game da harshen ba. Gyara yake yi wa abin da bai riga ya samu ba.

Maganinsa a raba ayyukan nan uku, kowanne da zamansa. Zaman farko na tsari ne, ba a rubuta cikakkiyar jimla ko ɗaya: a jera batutuwa biyar zuwa bakwai a takarda guda, kowanne da kalma uku ko huɗu, a sa musu lamba. Zama na biyu na zubawa ne. A saita agogon waya minti goma, a ɗauki batu guda, a yi ta rubutu ba ɗaga hannu, ba komawa baya, ba soke komai. Idan kalma ta ɓace, a ja ɗan layi a gurbinta a wuce. Idan ana buƙatar shekara ko sunan wani masani, a sa alamar tambaya a gefe a wuce, don tashi nemansu a intanet a wannan lokaci shi ke kashe zaman. Peter Elbow ne ya yaɗa wannan dabara ta minti goma tun 1973, kuma amfaninta shi ne ba ta ba muryar nan mai cewa "bai yi ba" damar sa baki. Zama na uku, na gyara, kada ya zo rana ɗaya da na biyu. A bar rubutun ya kwana, sannan a bi shi daga babba zuwa ƙarami: jerin hujjoji tukuna, sai sakin layi, sai jimla, ƙa'idojin rubutu su zo daga baya. Gabatarwa kuma, wadda ita ta fi kayar da mutane, ita ake rubutawa a ƙarshe, don sai mutum ya san abin da ya faɗa sannan zai iya gabatar da shi.

Mu Zazzagawa muna da ƙarin kaya a wannan wuri. Karin harshenmu ba ya kula da jinsi yadda Daidaitacciyar Hausa ke yi. A baki muna cewa "motan Malam" da "rigan sallah", a takarda kuwa "motar Malam" da "rigar sallah" ake so. Yaron da aka sha yi wa jan biro a kan wannan tun yana sakandare yakan tsaya a kan kowane suna yana aunawa. Ga rikicin raba kalma da haɗe ta, ga madannin waya da sai an danne harafi an jira kafin ƙ ko ɗ ko ɓ su fito. Kowannensu ƙaramin abu ne, amma idan suka taru a jimla guda sai mutum ya manta abin da ya ɗauko faɗa. Shawarata a zuba daftarin farko da Hausar da aka tashi da ita, ko da babu ƙugiya a haruffa, sannan a ware zama guda don jinsi da ƙugiya da rabon kalmomi kawai. Ba cewa nake a yi wasa da ƙa'ida ba. Wajibi ce a kan duk abin da zai fita gaban jama'a, lokacinta ne ake kuskurewa. Haka ɗalibin da zai miƙa aikinsa da Turanci alhali da Hausa yake tunani: ya fara warware hujjarsa da Hausa a takarda daban, idan ta zauna daidai sannan ya mayar. Neman hujja da neman kalmar Turanci a numfashi ɗaya ya kwantar da kundaye da dama a manyan makarantun garin nan.

Akwai kuma wanda ko an ba shi minti goman ba abin da zai fito sai kame-kame. Shi matsalarsa ta riga rubutu: bai san abin da zai faɗa ba tukuna. Yana da take, yana da sha'awa, amma ba shi da magana. Gwajin ba wuya. Ya sami aboki wanda bai san fannin ba, ya gaya masa cikin jimla biyu me rubutun zai ce. "Zan yi rubutu a kan shaye-shaye" take ne kawai. "Zan nuna cewa rashin wurin koyon sana'a a unguwa ya fi rashin tarbiyya tura yara shaye-shaye" magana ce, ana iya gina shafi ashirin a kanta, ana kuma iya musa ta. Wanda ya kasa kawo jimla biyun nan ya rufe littafi ya tafi neman kaya, ya yi karatu, ya yi hira da mutane, ya je inda abin ke faruwa. Mai son rubuta labarin wani maɗinkin babbar riga a cikin birni, bai taɓa zama rabin yini a zaurensu ya ji yadda suke kiran aska biyu da aska takwas ba, dole alƙalaminsa ya tsaya duk inda jarumin ya ɗauki allura.

Kishiyar wannan ita ce ta wanda karatu ya yi wa yawa, kuma an fi ganinta a babi na biyu na kundin digiri, wajen bitar ayyukan da suka gabata. Ɗalibi ya tara fotokwafi tuli da fayiloli a kwamfuta, kullum yana cewa saura littafi ɗaya ya karanta ya fara. Abin da ya ɓata shi ne ya karanta bai rubuta komai a lokacin ba, yanzu duk sun cakuɗe masa. Kowane aiki da aka karanta a ba shi rabin shafi nasa a ranar: wa ya yi shi, yaushe, me ya ce, me ya bari bai taɓo ba, da lambar shafi. Idan irin waɗannan takardu suka kai ashirin, a baje su a tabarma, a kasa su rukuni uku ko huɗu gwargwadon abin da suka yi tarayya a kai. Rukunonin nan su ne sassan babin, kuma rabin rubutun ya riga ya samu.

Cijewar da ta fi ban takaici ita ce ta tsakiyar ƙagaggen labari, kuma ita ta fi addabar marubutanmu na intanet, waɗanda akasarinsu mata ne masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad. Labari ya taso da gudu, babi biyar, babi goma, masu karatu na ta yabo, kwatsam sai ya tsaya. Marubuciya ta zauna ta rasa me jarumarta za ta yi gaba. Kusan kullum ɓarakar ba a shafin da aka tsaya take ba, tana can baya. Ko dai an warware rikicin da wuri, a ce uban yarinya ya amince da auren tun a babi na shida, babu sauran abin da mai karatu ke jira. Ko an tilasta wa wani tauraro ya aikata abin da halinsa bai ba da shi ba, don kawai a kai labarin inda aka nufa. Ko kuma tun farko jarumar ba ta da wani abu takamaimai da take nema, abubuwa ne kawai ke faɗo mata tana kuka. Hanyar ganowa ita ce a koma wuri na ƙarshe da rubutun ke tafiya da daɗi, galibi fitowa biyu ko uku baya (fitowa ita ce ɓangaren labari da ke faruwa a wuri guda, a lokaci guda), a karanta daga nan a bayyane. A kowace fitowa a amsa tambaya uku a gefen takarda: me wannan mutum yake so a nan, wa ko me ya tare masa hanya, me ya sauya kafin fitowar ta ƙare. Fitowar da aka kasa amsa mata, nan aka saki hanya. Sau da yawa sai an zubar da shafi goma ko ashirin, kuma ƙin zubar da su ne ke ja wa cijewar tsawon rai, don zuciya ta riga ta san akwai gyara, hannu ne ya ƙi yarda.

Mai sakin labari kullum ba ta da damar komawa baya, abin da ya fita ya fita, ɗaruruwan mutane sun karanta. Ga saƙonni na shigowa tun asuba: "Anti, yau babu ci gaba ne?", "Don Allah kar ki kashe mana shi", "Wallahi in ta koma gidansa na daina karantawa". Wace zuciya ce za ta tsara labari cikin wannan hayaniya? Kada a fara saki sai an san ƙarshen labarin, an rubuta shi ko a shafi ɗaya ne, kuma akwai aƙalla babi biyar a ajiye gaba da wanda ake saki. Ra'ayoyin masu karatu kuma a duba su bayan an gama rubutun ranar.

Na marubuta waƙa ya fi sauƙin ganewa. Mutum yakan zaɓi babban amsa-amo, wato sautin da kowane baiti ke ƙarewa da shi, saboda baitin farko ya zo masa da daɗi, bai lissafa ko harshen na da isassun kalmomi masu wannan ƙarshe ba. A ce ya ɗauki "ƙi". Zai sami baƙi, yaƙi, zaƙi, sauƙi, hayaƙi, daga nan sai lalube, ga shi ya ƙudurta baiti arba'in. A baiti na takwas ko na tara sai ya tsaya, ya ɗauka basira ce ta gudu. Kafin a fara, a jera kalmomin da ke ƙarewa da amsa-amon. Idan ba su kai yawan baitocin da ake so har da rara ba, a koma wa mai yalwa irin "wa" ko "na" ko "ya", ko a rage tsawon waƙar. Idan kuma kari, wato ma'aunin waƙar, ya ƙi zama, a rera ɗangon da baki ana ƙirga gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi. Galibi gaɓa ɗaya ce ta yi yawa ko ta gaza, sauya wurin kalma biyu ya isa.

Sai tsoro, wanda ba a cika faɗinsa ba. Alamarsa ita ce mutum na iya rubuta komai, wasiƙa, saƙo, har dogon sharhi a Facebook, amma da ya zo kan wannan aiki guda sai jikinsa ya yi sanyi. Ko kuma aikin ya kai kashi tara cikin goma ya ƙi ƙarewa, saboda da ya ƙare wani zai gani. A wajenmu tsoron yana da tushe. Marubuciya na tunanin dangin miji za su ce da su take, matashi na tunanin malaminsa na Islamiyya zai karanta, kuma ba a manta ba cewa a 2007 an ƙona wasu littattafan hikaya a bainar jama'a a Kano. Ɗalibi kuwa wani lokaci magana ɗaya ce ta mai duba aikinsa, "wannan shirme ne" da jan biro a saman shafi ba tare da an nuna masa inda shirmen yake ba, take hana shi rubutu wata uku. Ina kira ga 'yan'uwana malamai mu ji tsoron Allah a kan wannan. Gyara uku da aka nuna wurinsu aka faɗi yadda za a yi sun fi shafi cike da jan layi amfani. Shi kuma marubucin, abin da ke taimakonsa shi ne ya raba rubutawa da fitarwa. Ya ƙudurta cewa daftarin farko ba mai ganinsa, ya rubuta shi kamar yana ba amininsa labari. Maganar abin da za a cire don kare mutuncin wani, ko sauya suna da gari, ko fakewa da sunan alƙalami, duk ta jira sai aikin ya kammala. Wanda bakinsa ya fi hannunsa sakewa ya kunna rikodar waya ya faɗi abin da baki na minti biyar, sannan ya kwafe. Zai tashi da shafi uku ko fiye da zai fara gyarawa.

Akwai inda duk dabarun nan ba sa aiki, kuma wajibi ne a faɗa. Jerome Singer da Michael Barrios na Jami'ar Yale, da suka yi nazarin marubutan da alƙalami ya daɗe da cije wa a shekarun 1970 da 1980, sun tarar da yawansu na fama da damuwa da fargaba. Idan rashin rubutun ya zo tare da rashin barci ko yawansa, abinci ya fita kai, abin da mutum ke jin daɗinsa a da duk ya gundure shi, yana ganin kansa ba shi da wani amfani, kuma abin ya kai mako biyu ko fiye, to zancen ya wuce na alƙalami. Ciwon damuwa ake zargi, yana da magani, kuma akwai likitocinsa a asibitin koyarwa da ke Shika. A yi addu'a, a kuma je asibiti. Wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro ko taifot, da mai jegon da ba ta samun barci, da wanda aka yi wa rasuwa, kada su tuhumi basirarsu, jiki ne ke neman haƙƙinsa. Ina kuma gargaɗin matasa da babbar murya kan masu cewa ƙwaya ko sirof na buɗe basira. Abin da suke yi shi ne su gusar da hankalin tantancewa na 'yan awoyi, mutum ya cika shafuka da abin da gobe ba zai moru ba, daga baya ya wayi gari ba ya iya zama ya rubuta sai da su.

Rashin lokaci da wuri kuma kada a kira shi toshewar basira. Matar da ke tsakanin girki da reno da aikin ofis, ko ɗalibin da ke kwana ɗaki ɗaya da mutum shida, rabin awa suke nema wadda ba mai kiran sunansu. Bayan sallar asuba ta fi samuwa, kafin gida ya tashi, a kashe data. Mai rubutu a waya kuma ya riƙa tura wa kansa aikin ta imel kowace rana, don wanda aka sace wa waya da rabin littafi a ciki da wuya ya sake samun ƙarfin halin farawa.

Masu cewa a jira ilhama su suka fi yin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya suke yi. Robert Boice, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya gwada maganar a kan malaman jami'a a farkon shekarun 1980. Wasu ya bar su su rubuta sai sun ji sha'awa, wasu kuma ya ɗaure su da zama kullum ko suna so ko ba sa so. Masu zaman kullum sun fi yawan shafuka nesa ba kusa ba, sun kuma fi samun sababbin dabaru. Dalilin a fili yake. Wanda ya taɓa aikinsa jiya, yau yana tuna inda ya kwana. Wanda ya bar shi mako uku kuwa sai ya ɓata zaman farko gaba ɗaya wajen tuno me yake cewa, ga laifin da yake ɗora wa kansa, ga burin ya rama duka a dare ɗaya. Wannan zaman ramuwa na awa takwas ba tashi shi ke haifar da gajiyar da ke jawo wata cijewar.

Lissafin ba shi da wuya. Kalma 300 a rana, kamar shafi biyu ke nan na littafin rubutu na 'yan makaranta, kwana shida a mako, ya ba da kalma 1,800. Daftarin littafin hikaya mai kalma 30,000 zai kammala cikin mako 17. Babin kundi mai kalma 4,500 aikin kwana 15 ne. Gajeren labari irin wanda ake shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa da shi, wadda aka fara a 2016, bai wuce aikin mako guda ba, a bar mako na biyu don gyara. Wanda ya daɗe bai rubuta ba kada ya fara da 300. Ya fara da minti goma sha biyar, ya tashi ko da rubutun na yi masa daɗi, ya ƙara minti biyar duk mako. A riƙa kuma tsayawa a wurin da aka san abin da zai biyo baya, a rubuta shi layi ɗaya a ƙasan shafi, "gobe: Ladi ta tarar da ƙofar a buɗe", don zaman gobe ya sami abin kamawa.

Malam Edita, ku ma akwai naku kason. Matashin da ya aiko da rubutu sau uku bai ji ko "mun gani" ba, yakan ɗauka hukunci aka yanke masa, ya ajiye biro. Na san aiki ya yi muku yawa, amma amsa ta layi biyu, "rage gabatarwa, hujjarka ta biyu ita ce ƙarfinka, sake aikowa", tana iya tayar da marubucin da ya kwanta. Ina kuma roƙon ku ware ɗan fili, ko rabin shafi ne sau ɗaya a wata. Ku ba da batu guda, ku ƙayyade kalma 400 da ranar rufe karɓa, ku buga uku da suka fi kyau tare da taƙaitaccen bayanin dalilin zaɓensu. Hakan zai ɗauke wa sabon marubuci tambayoyi uku da ke tsayar da shi: me zan rubuta, yaya tsawonsa, yaushe zan gama. Idan kun amince, ina da yaƙinin malaman Hausa na makarantun Zariya ba za su ƙi taimakawa wajen tace abin da aka aiko ba.

Na gode da filin da kuka ba ni. Wassalam.

Naku,
Wani malamin Hausa,
Tudun Wada, Zariya.